Rabin Bokitin da Ya Wanke Motar Ɗauko Baba

Akwai wata safiya da ba za ta taɓa fita daga raina ba, safiyar da na wanke mota da rabin bokitin ruwa, matata na tsaye a kaina tana ba ni umarni kamar malamar aji. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau in na tuna sai in tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai.

A lokacin ina aikin malamin gona a Bukkuyum. Mahaifinmu, wanda muke kira Baba, ya baro Adabka shi da Inna sun dawo hannuna, saboda yanar ido ta rufe masa gani. Kusan shekara bakwai ba ya ganin komai sai ɗan haske-haske. A cikin shekarun nan ne Allah ya hore mini na sayi mota, ta hannu ce, amma a wurina ba ta da na biyu. Ranar da na kawo ta gida sai da aka riƙo hannun Baba aka kai shi wurinta, ya shafa ta tun daga gaba har baya, ya sa albarka. Ya sha shiga cikinta, amma bai taɓa ganinta ba.

Sai ga labari cewa likitocin ido sun sauka a asibiti a Gummi, za su yi kwanaki suna aiki. Da farko Baba ya ƙi. Ya ce a bar shi da abin da Allah ya ba shi. Inna ce ta yi ta fama da shi har ya yarda. Na kai su, aka yi masa aiki a idon dama, aka rufe da bandeji. Likita ya ce gobe da ƙarfe goma na safe za a buɗe, a ga abin da Allah zai yi. Inna ta zauna jinya, ni kuma na kamo hanyar gida tun kafin la'asar, domin a yankinmu ba a son yamma ta riski mutum a hanya.

A hanyar ce hadarin farko na shekara ya taso. Ba wani ruwan kirki aka yi ba, yayyafi ne kawai da ya isa ya kwaɓa ƙurar da ta shekara kwance. Wata babbar mota ta wuce ni a wani kwari ta watsa mini jan taɓo har kan rufi. Da na isa gida na fito na dubi motar, sai ka ce daga rami aka tono ta.

Nan take na ce a raina, wallahi ba da wannan zan je ɗauko Baba ba. Idan Allah ya buɗe masa ido, ba na son farkon abin da zai gani nawa ya zama tulin laka.

Matsalar ita ce ruwa. Ƙarshen bazara ne, rijiyoyi sun ja baya, rijiyar burtsatsen unguwarmu kuma kwana huɗu ke nan da lalacewa. 'Yan garuwa sai ka yi musu magana tun jiya kafin su kawo maka jibi. Bakin gulbi da muka saba kai motoci wanki, an daɗe da daina zuwa saboda halin da ake ciki. A gidana jarka biyu suka rage, kuma ni in zan wanke mota yadda na saba, da garin sabulu da soso, bokiti shida ma ba ya isata.

Bayan sallar asuba gari ya fara haske, na sunkuci jarka ɗaya zan fita da ita. Sai na ji muryar matata daga bakin madafa.

"Malam, ina za ka kai ta?"

Na ce, "Mota zan ɗan watsa wa."

"Da ruwan da za mu dafa wa baƙi abinci? 'Yan uwa daga Adabka da Zugu duk sun ce yau suna tafe duba Baba. Da me za su yi alwala? Me za su sha?"

Gaskiya ta faɗa, amma ban so jin ta ba. Na tsaya riƙe da jarka ina ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce a hankali, "Na san ba motar ce kaɗai ke damunka ba. In sha Allahu Baba zai gani. Ajiye jarkar, rabin bokiti zan ba ka, kuma zai isa."

Na yi dariyar takaici. Ita kuwa ta shige ɗaki, ta fito da wata leda da na gane nan take. Yayanta direba ne a Kaduna. Da ya zo hutun sallah ya kawo mini tsarabar wata 'yar gora mai shuɗin ruwa a ciki, da tawul guda takwas masu laushi kamar gashin mage, da wata gorar mai kan feshi. Ya ce da su ake wanke mota ba sai an ɗauraye ba. A ranar na yi masa godiya a baki, amma yana fita na ce wannan wasan 'yan birni ne, na cilla ledar kan kwaba. Ashe duk bayanin da ya yi, ni ina jinsa da kunne ɗaya, ita tana bayan labule tana haddacewa.

Ta zuba ruwa rabin bokiti, ta auna shuɗin ruwan nan murfi ɗaya ta juye, ta motsa. Ba kumfa ko kaɗan. Na sa hannu na ji ruwan ya yi santsi kamar an jiƙa kuɓewa. Ta ɗebi kaɗan ta cika gorar feshi, ta tsoma tawul biyar a bokitin, ta ware biyu busassu ta rataya a kafaɗarta, ɗaya kuma ta ce na taya ne.

"Mu yi sauri tun rana ba ta fito ba," in ji ta. "Yaya ya ce in ƙarfen ya yi zafi ruwan bushewa yake ya bar zane. A inuwa ake yi."

Motar tana cikin zauren da na yi mata rumfa, saboda haka ba mu da damuwar masu wucewa. Ta fara fesa wa wuraren da taɓo ya daskare, ta ce a ba su lokaci su jiƙa. Ni kuwa gaggawa na cina. Na zaro tawul ɗaya, na dunƙule shi, na hau murfin but na bayan motar da dirza ina zagayawa kamar mai wanke tukunya.

"Tsaya! Malam, tsaya!"

Ta goge wurin da busasshen tawul, ta nuna mini. Ga wasu siraran layuka nan a jikin fenti, na karce shi da yashin da ke cikin taɓon. Na buɗe baki zan ɗora laifin a kan ruwan yayanta, sai na ga irin kallon da take mini, na haɗiye maganata.

"To, nuna mini," na ce.

Ban taɓa faɗa mata wannan kalmar a kan abin da ya shafi mota ba, ita ma ta san haka, domin sai da ta juya baya ta ɓoye dariya.

Ta ninke tawul gida biyu, ta sake ninkewa, ya zama yana da fuska takwas. Ta ɗan matse shi, ba sosai ba, yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Ta ce daga sama ake farawa, domin ƙasa ta fi datti. Na hau kan turmi na kama rufin. Ta ce kada in danna, in shimfiɗa tawul ɗin in ja shi a miƙe, sau ɗaya, kamar mai shafa kan jariri. Na ja. Jan taɓon nan ya biyo tawul ya bar fenti fes. Na tsaya ina kallo baki buɗe.

"Juya fuska. Kada ka sake bi da wurin da ya yi datti."

Haka muka yi ta yi. In na gama ɗan yanki, kafin ya bushe ta bi da busasshen tawul ta goge. Daga rufi muka sauko gilasai, sai bonet, sai ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Fuska takwas ɗin suna ƙarewa sai in ajiye tawul ɗin gefe in zaro sabo. Sau ɗaya na manta na kai mai dattin zan tsoma a bokiti, ta buge mini hannu.

"In ka mayar da shi ka ɓata ruwan duka. Abin da ya fita ba ya komawa."

Shekara goma sha shida muna tare a lokacin, amma ban tuna ranar da muka taɓa yin wani aiki kafaɗa da kafaɗa irin wannan ba. Tun ina ɗaure fuska har na saki. Ta riƙa tsokanata wai malamin da ke koya wa manoma auna taki ya kasa auna murfi ɗaya, ni kuma ina cewa ta bari yayanta ya ji, zai ɗauke ta aiki. Fargabar da na kwana da ita a kan idon Baba ba ta tafi ba, amma ta yi sauƙi.

Ƙasan ƙofofi da tayoyi muka bari ƙarshe. Su sai da muka fesa sau biyu, na ɓamɓare busasshen taɓon ƙarƙashi da ɗan itace, sannan na bi da tawul ɗin da ta ware. Da muka gama, ruwan da ya rage a bokiti tas yake, har ta ce zai wanke tawul ɗin. Ƙasan zauren ko jiƙewa bai yi ba. Motar kuwa tun ranar da na saye ta ban ga ta yi ƙyalli haka ba.

Na isa Gummi saura kaɗan goma, ina tafiya a hankali ina kauce wa kowane kududdufi. Na ajiye motar a inuwar wata darbejiya kusa da ƙofar ɗakin da aka kwantar da su, na shiga. Inna na zaune tana jan carbi. Likita ya zo ya ɓare filasta, ya ɗaga audugar a hankali, ya goge idon. Baba ya yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Likita ya ɗaga yatsu ya ce, "Baba, nawa ne nan?"

"Ukku," in ji Baba. Sannan ya juya ya dubi Inna, ya daɗe yana kallonta. "Ke ta? Yaushe kinka yi hurhura haka?"

Inna ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana dariya. "Kai kas sa ni ita," ta ce.

Ni ban san lokacin da na durƙusa na yi sujada a kan simintin ba.

Aka ba shi baƙin tabarau da maganin ɗigawa, aka sallame mu. Na kai hannu zan riƙe shi yadda na saba, ya janye. Ya ce in wuce gaba kawai, zai biyo ni. Da muka iso gindin darbejiyar na ce, "Baba, ga motarka."

Ya tsaya cak. Ya zagaya ta sau ɗaya, hannunsa a baya.

"Ashe shuɗiya ta! Ni duk shekarun ga hwara nika ganin ta cikin raina."

Ya matso kusa da ƙofar baya, ya ɗan ɗaga tabarau, sai ya ja da baya da sauri kamar zai ba wani hanya. Ya sake leƙawa. A jikin fentin akwai wani dattijo mai farin gemu har ƙirji yana kallonsa. Baba ya ɗaga hannu, dattijon ya ɗaga. Ya kama gemunsa, dattijon ya kama.

"La ilaha illallahu! Wanga tsoho ni na?"

Ya fashe da dariya har yana dafa motar. Inna na dariya, ni ina yi, masu jinyar da ke zaune a barandar asibiti su ma suka kama. Wani makiyayi da ya kawo mahaifiyarsa aikin ido ya taso ya riƙe hannun Baba yana ta yi masa barka. Rabon da in ji Baba ya yi dariya irin wannan tun muna Adabka.

A hanya ya ƙi zama baya. Ya zauna kusa da ni yana kiran sunan duk abin da ya gani, ga kuka, ga garken shanu, ga masu sharar gona. Da muka iso gida zauren cike yake da 'yan uwa, an dafa abinci, kowa ya sami ruwan sha da na alwala. Baba ya bi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya yana haɗa murya da fuska, ƙananan biyu bai taɓa ganinsu ba sai ranar. Da hayaniya ta lafa ya tambaye ni wane gidan wanki ne ya gyara motar haka. Na faɗa masa gaskiya a gaban kowa, har da buge mini hannu da aka yi. Ya sa aka kira matata, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka," ya ce. "Ki ci gaba da karantar da shi, kansa da tauri tun yana ƙarami."

Baba ya yi shekara huɗu yana gani da idonsa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, kafin Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Abin da na koya a ranar ya wuce wankin mota. Na gane cewa sau da yawa ba ƙarancin abu ne ke hana mu biyan buƙata ba, rashin sanin yadda za a sarrafa ɗan abin da ke hannu ne, da gaggawa, da girman kan da ke hana mutum tambaya. Na kuma gane cewa mai ilimin da kake buƙata yana iya kasancewa a cikin gidanka, kuna kwana kuna tashi, ba ka taɓa ba shi dama ya buɗe baki ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya ce mini yana da wata dabara, babba ne ko ƙarami, mace ko namiji, sai na zauna na saurare shi har ƙarshe kafin in ce komai.