Safiyar da Ban Buɗe Farantin Raliya Ba

Allah da Ya ba mu Raliya Ya karɓi abinSa da asubahin Talata, 14 ga Janairu, a nan Tamanrasset, bayan jinyar wata huɗu. Shekarunta talatin da ɗaya.

Ɗiyata, ke kika zaɓi dawowa gida bayan karatunki. Kin ce busasshiyar iskar duwatsun nan kike bukata, domin gajerun igiyoyin rediyon da rana ke fitarwa idan ta yi aman wuta, masu tsawon milimita kaɗan, danshi yana shanye su kafin su iso ƙasa. Kika kafa farantin awonki mai kamo igiyoyin a saman soro. Duk da haka, ranar roƙon ruwa amin ɗinki ya fi na kowa ƙarfi. Da na tuna miki hadari zai ɓata miki aiki, kika ce, "Abba, masu lambun ƙauyen Outoul sun fi ni bukata."

Mahaifiyarki ta taɓa shanya barkono a cikin farantin. Ba ki ɗaga murya ba. Kasuwar Assihar kika tafi, kika sayo mata tabarma.

Da ciwo ya hana ki hawa, kika koya mini aikin: a yaye murfin da hantsi, a kunna injin da ke bin rana, a rubuta lokaci. Ni da na shekara talatin ina koyarwa na zama ɗalibinki. Roƙonki ɗaya ne, kada awon ya yanke ko da yini guda.

Ya yanke, Raliya. Safiyar da muka kai ki makwanci ban hau ba. Harisu, abokin bincikenki, ya sanar da ni cewa a hantsin nan rana ta yi irin aman da kika shekara uku kina jira, farantinki kuwa a rufe. Ya ce zai iya cike gurbin da awon wata tasha. Na gode masa, na ƙi. Da hannuna na rubuta a littafinki: "Ba a buɗe ba. Laifin Badaru ne." Ki yafe mini. Tun daga Laraba ban sake fashi ba, kuma ba zan yi ba muddin ƙafafuna na iya hawa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanya abin da kika auna cikin ilimi mai amfani. Ga mahaifiyarki Khalida, da mijinki Issa, da ƙanenki Hasan, ina miƙa ta'aziyyar da ni ma nake bukata. Allah Ya ba mu haƙuri.

Mahaifinki,
Badaru Tahiru