Ɗakin Idi ya koma kasuwa

Da hantsi ne, ina garaj ɗina ina duba wani inji da aka kwance, waya ta shigo daga Laminu, babban ɗan Malam Idi Tela. Bai gama sallama ba na gane. Ya ce, "Baba Lawali, tsoho ya cika." Na yi salati, na sa aka rufe garaj, abin da ba na yi sai ranar Sallah.

Duk wanda ya san ni a Dakoro ya san ban gaji ko ƙusa ba. Aji biyu na yi a kolej na fita. Da idona na koyi ƙarfe, da gumina na gina garaj, na sayi mota, na sauke farali, na kai mahaifiyata, ba wanda ya ɗaga mini ko kara. Na faɗi wannan ne don a san nauyin abin da zai biyo. Abu guda wani ɗan Adam ya zaunar da ni ya koya mini, shi ne jan rimok, wato abin da ake ɗaura ma mota a baya ta ja, kuma Malam Idi ne.

Yaran yanzu sun tashi sun tarar da shi da motarsa, ba su san asali ba. Zamanin da Nasara ke ƙetaro hamada su sayar da motocinsu su koma, wasu suka iso nan da tsohuwar mota kat-san-kat tana jan wani ɗan ɗaki fari mai taya biyu, da taga da ƙofa, karaban suke ce masa. Kowa na son motar, ba mai son ɗakin. Malam Idi ya haɗa duka ya saya. Aka yi ta dariya, wai tela ya sayi akurki. Shi kuwa ya kafa keken ɗinkinsa ciki, ya shiga bin kasuwannin ƙauye, Kornaka, Korahane, Ajekoriya. Matan karkara da na rugage suka samu inda za a gwada su ba a idon maza ba. Tun daga nan ba a ƙara cewa karaban ba, sai ɗakin Idi.

Mutum ne marar gaggawa. In ya ga mata da kaya bisa kai zai tsaya ya kwashe su, amma cikin mota, ba ya yarda rai ya shiga ɗakin yana tafiya. In ya gama ɗinki, ragowar ƙyalle ko faɗin yatsa ne sai ya naɗe ya miƙa ma mai shi. Na taɓa ce masa, "Yaya, wannan ai ko kaza ba ta ɗaure ƙafa da shi." Ya ce, "Ɗan kolej, ƙarami ne a hannu, a wuya ba ƙarami ba ne."

Ranar da ya fara ba ni sitiyari, na taka kamar yadda na saba. Ɗakin ya shiga kaɗa gindi kamar akuya ta ga kare. Na kai ƙafa ga birki, ya dafe mini gwiwa. "Saki mai, kada ka taka. Mai ja ba da ƙarfinsa yake tafiya ba, da ƙarfin abin da ke bayansa." Shi ya nuna mini nauyi gaban taya ake aje shi, a rairayi a rage iska, a baya-baya kuwa in kana son hagu ka nemi dama. Da na sayi babbar mota sabuwa na ce in ja masa ɗakin da ita, ya yi murmushi ya ce, "Haƙarƙarinsa katako ne, ya tsufa. Tsoho ke jan tsoho."

Bayan sadakar bakwai Laminu ya ja ni gefe. Yaro ne mai hankali, a Maradi yake aiki, kuma nauyin gida ya faɗo masa. Ya ce, "Baba, masu zubin tukwane sun zo. Sun ce jikin ɗakin daga waje alminiyo ne zalla. Motar kuwa sai dai a yanka."

Na ce, "Ka buɗe ka ga abin da ke ciki?"

"Tsummokara ne, Baba."

"Tsummokara? Kai ka sayo su?"

Muka buɗe. Atamfofi ne da shadda da yadi jere bisa kanta, wasu an ɗinka, wasu an yanka, wasu ko almakashi bai taɓa ba. Ciwo ya kwantar da shi kafin ya mayar da su. Ba suna jikin ko ɗaya, don shi a ka yake riƙe masu kayansa, kuma kan ya tafi. Mahaifiyar Laminu tana takaba, ta yi magana daga bayan labule: "Malam Lawali, don Allah kada a bar shi kwance da kayan mutane a wuya."

Laminu ya ce mu zuba su a motata mu kai. Na ce mu kai ma wa? Mu ba mu san su ba, su kuma ba su san mu ba. Abin da suka sani ɗakin ne, da kukan wannan tsohuwar mota, da inuwar da yake tsayawa. Na ce ba mai sa guduma ga ɗakin nan sai kowane zane ya koma hannun mai shi, ko da zan tura shi da ƙirji.

Na kai kat-san-kat garaj, ni da kaina na kwanta ƙarƙashinta. Ranar kasuwar Korahane muka haɗa ta da ɗakin, na ɗaura sarƙa, muka kama hanya. A wani tudun rairayi ta nutse har ciki. Muka rage iska, muka yi haƙa da hannu, muka shimfiɗa kirare. Laminu yana share gumi ya ce, "Baba, jaki ya wuce mu fa." Na ce, "Bar shi, shi ba ya jan gidan ubanka."

Abin da na gani da muka iso ba zan manta ba. Tun daga nesa mata suka jiyo kukan motar suka taso da murna, suna cewa Idi ya warke. Da na fito, suka tsaya cik. Wata tsohuwar Bafillata ta leƙa bayana, ta ce, "Ina mai ɗakin?" Na gaya mata. Ta aje ƙwaryar nononta ƙasa, ta dafa jikin ɗakin.

Ga yadda muka yi. Laminu ya zauna ciki, mai kaya ta tsaya bakin taga ta faɗi launi da zanen abinta tun ba ta gani ba, sannan a miƙo. Ba wadda ta faɗi abin da ba nata ba. Wasu suka ce a bar shi sadaka ga mamaci. Na ce a'a, ki karɓa da hannunki tukuna, ya sauka daga kansa, bayan nan ki ba wanda kika so. Haka muka yi a Kornaka, haka a Ajekoriya, har kantar ta koma wayam.

Saura guda. Koriyar atamfa ce, an yanka riga, an haɗa hannu ɗaya. Ba wanda ya zo. An ce mini wataƙila ta makiyayan da suka yi arewa da dabbobi ce, sai kaka su dawo. Laminu ya dube ta, ya ciro makullin motar ya sa mini a hannu. Ya ce, "Masu tukwane su nemi wani ƙarfen, Baba."

Allah Ya jiƙan Malam Idi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata makwancinsa, Ya suturta shi kamar yadda ya suturta bayinSa. Allah Ya ba maiɗakinsa haƙuri, Ya raya Laminu da ƙannensa, Ya rufa ma gidan asiri.

Ku kuma da kuka ji wannan, ina neman shaidarku. Daga yau atamfar nan ta bar wuyan Malam Idi ta hau nawa. Kowace kasuwa zan ja ɗakin in tsaya inda yake tsayawa, har mai ita ta zo bakin taga. Liman, tunda kana nan, a rubuta, a kuma faɗa a masallaci: wanda za a tambaya gobe kiyama ba Idi ba ne, Mahaman Lawali mai garaj ne.