Famiyal ɗin da Na Ci a Gwanjo

A shekarar da aka zaftare mana albashi, aka ce mu ɗaure ciki domin ƙasa, na yanke shawarar zama mai mota. Ina koyarwa a wata firamare a Garwa. Abokan aikina sun bi hanyoyi marasa daraja, wani yana ɗaukar fasinja a babur bayan an tashi, wani ya koma noman gyaɗa. Ni da yake mai ilimi ne, sai na zauna na yi tunani mai zurfi, na gano cewa mota ɗaya mai jigila tsakanin Garwa da Pitowa za ta raba ni da alli har abada. Na sayar da babur ɗina da wani ɗan fili da na gada a bayan gari, na haɗa sefa dubu ɗari tara, na shiga jiran dama.

Damar ta zo a cikin zafin bazara. An rufe wani ofishin aikin raya karkara, aka liƙa takarda cewa za a yi gwanjon motocinsa ranar Asabar, ranar Juma'a kuma kowa na iya zuwa ya duba.

Mutum biyu na ɗauka su raka ni. Na farko kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, mai shagon atamfa a babbar kasuwa. Bai taɓa mallakar mota ba, amma ya hau da yawa, kuma kakansa ya zo daga Kano da ayarin jakuna, don haka a ganinsa sanin abin hawa a jininmu yake. Na biyu bakaniken unguwarmu ne, mutumin dutse daga wajen Mokolo, Kirista, mai Hausar kasuwa da ƙarancin magana. Shef muke kiransa, shi kuma Metir yake ce mini, kamar yadda ake kiran kowane malamin makaranta.

Motoci goma sha wani abu ne jere a harabar, kowacce da lamba da farin fenti a gilashi. Doka ita ce a duba da ido, ba a tayar da inji. Ana iya buɗe bonet, ana iya leƙa ƙasa, amma makullai suna wani wuri da ba wanda ya sani. Wato kamar a ce ka sayi rediyo bayan ka shafa bayanta.

Tun daga ƙofa idon Kawu ya faɗa kan wata doguwar mota shuɗiya mai kujeru jeri uku, irin wadda ake kira famiyal, wadda duk direban tasha ke mafarki. Ta shugaban ofishin ce. Tana sheƙi, kujerunta har da rigar leshi. Kawu ya ƙwanƙwasa ƙofarta da zobensa, ya kara kunne, ya gyaɗa kai.

"Ka ji ƙarfe, ɗana. Irin wannan ba a yinsa yanzu."

Shef bai ƙwanƙwasa komai ba. Ya zaro sandar gwada mai, ya murza man a yatsa, ya shinshina, ya kwanta ya shige ƙarƙashinta, ya daɗe. Da ya fito sai ya ja ni gefe, ya nuna mini wata tsohuwar akori-kura a ƙarshen layi, mai lanƙwasasshiyar ƙofa da fasasshen madubi, bayanta duk ɓurɓushin auduga.

"Metir, waccan za ka saya. Mummuna ce, amma cikinta lafiya. Wannan shuɗiyar akwai ruwa a cikin manta. Direba yana wanke ta kullum, shi ya sa take haske. Ba don ta gaji da kyau ta daɗe a tsaye ba."

Kawu ya ji. Ya ce, "Shef, kai aikinka gyara, ba zaɓe ba. Malamin makaranta guda, jikan mutane, ya shiga gari da motar kwasar taki?"

Na duba akori-kurar, na duba shuɗiyar, na hango kaina ina wucewa ta gaban makarantarmu da gwiwar hannu a taga. Na ce wa Shef za mu yi tunani. A gaskiya na riga na gama tunanin.

Muna shirin fita wani dillali ya tare mu. Su biyar ne zaune a benci ɗaya, waɗanda ba a gwanjo a Arewa ba su je ba, daga Marwa har Ngawundere. Ya gaisa da Kawu da Fulatanci, ya juya Hausa.

"Alhaji, na ga ɗanka yana son shuɗiyar. Gobe kada ya ɗaga hannu. Ya bar mu mu ɗauke ta da araha, bayan la'asar mu haɗu a gindin darbejiyar can, ya ɗora mana ɗan abin goro ya tafi da abarsa. Haka ake yi."

Kawu ya gyara babbar rigarsa. "Mu a gidanmu ba ma sayen abu a hannu na biyu."

Dillalin ya kalli layin motocin da kowacce ta wuce hannun direbobi goma, ya kalli Kawu, ya ce to, Allah ya kai mu goben.

Ranar Asabar mai gwanjon, wani wisiye, wato jami'in kotu, mai kwat da gumi, ya hau tebur da 'yar gudumar katako. Da Faransanci ake komai. Motocin farko suka riƙa tafiya kamar ana rabon sadaka. Ya faɗi farashin buɗewa, ɗaya daga cikin mutanen benci ya ɗaga yatsa, sauran su dubi sama, a buga guduma. Akori-kurar Shef ta tafi a dubu ɗari biyu. Na ji Shef ya ja numfashi a bayana, ban juya ba.

Aka zo kan shuɗiya. An buɗe da dubu ɗari uku. Na ɗaga hannu da ƙarfi kamar ɗalibin da ya san amsa. Dillalin jiya ya ƙara ashirin da biyar, yana ɓare goro, ko kallona bai yi ba. Na ƙara. Ya ƙara. Na riga na tsara a gida cewa ba zan wuce ɗari biyar ba, saura na gyara ne da takardu. Da muka kai ɗari biyar Shef ya taɓa kafaɗata.

"Metir, ya isa. Ba sonta yake ba, kai yake ja."

Kawu kuma ta ɗaya gefen ya zungure ni da gwiwar hannu. "Jama'a na kallo. Ka ja da baya a gaban 'yan kamasho, da wane ido zan buɗe shago jibi?"

Saboda idon da Kawu zai buɗe shago da shi, na kai dubu ɗari bakwai da hamsin. A nan dillalin ya kakkaɓe ɓawon goro daga cinyarsa, ya juyo karo na farko ya dube ni da fara'a, ya ce barka. Aka buga guduma. Har tafi aka yi mini, mutanen benci ne suka fara. Sai a wajen biya na ji labarin cewa akwai kuɗin mai gwanjo da na hatimi da ake ɗorawa a kai. An rubuta a takardar sanarwa, a can ƙasa, da rubutun da sai mai ƙuruciyar ido.

Kwana uku aka ɗauka kafin a ba da izinin fitar da mota. Ranar da muka je da Shef, na same ta a inda na bar ta, sai dai ta ɗan rage tsawo. Tayoyin da na gani ranar Juma'a sun tafi, an sa mata wasu sumul kamar tafin hannu. Babu batir. Babu kafireta. Rigunan leshin kujeru kuwa suna nan, ba wanda ya taɓa su.

Na tafi ofishin wisiye a fusace. Ya saurare ni da ladabi, ya zaro takardar da na sa wa hannu, ya ɗora yatsa a wani layi.

"An sayar maka da ita a yadda take."

Na ce, "A yadda take ranar Asabar, ko a yadda take yau?"

"Takarda ba ta faɗi rana ba, Metir."

Mai gadin harabar mutum ne mai tausayi. Ya yi Allah wadai da lalacewar zamani, ya ce shi kansa ba ya barci saboda ɓarayi. Sannan ya rage murya ya ce ya san wani a bayan tasha da yake da batir da kafireta, wataƙila su yi daidai da irin motata. Allah da ikonsa, suka yi daidai. Har wani ɗan karce da Shef ya yi wa kafiretar da sukundireba ranar dubawa ya yi daidai. Na ce mu kai ƙara. Shef ya ce in na kai, kayan za su zama shaida, a ajiye su a kabad har sai an gama shari'a, in ina da shekara biyu da ba na bukata. Na biya.

Kuɗin da na biya da su na firjin matata ne, wanda na sayar. A cikinsa take daskarar da folere, wato zoɓo, tana ƙullawa a leda ana sayarwa a ƙofar gida. A duk gidan wannan ce kaɗai sana'ar da ke kawo riba, don haka ita na rufe domin in buɗe babbar. Matata ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Malam, in motar ta fara kawo kuɗi, a tuna da mu masu ƙananan harkoki."

Tafiyar farko ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Pitowa. Ni ne direba. Na ɗauki mutum tara, da buhunan albasa biyu, da akuya. Mun fita gari lafiya, har na sami damar ɗora gwiwar hannu a taga. Ba mu yi rabin hanya ba hayaƙi fari ya fara fita ta bonet, injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Fasinjoji suka sauka suka tura. Ta tashi, ta yi tafiyar da ba ta kai a gama gaisuwa ba, ta sake mutuwa. Wata 'yar kasuwa daga cikin mutanen dutse, da kwandon busasshen kifi a cinya, ta ce mini a natse:

"Direba, kuɗin mota na biya. In turawa ce, faɗi nawa kake biyan lebura."

Mun isa Pitowa ana naɗe rumfuna. Mai akuyar ya ce da ya sani da ya kora ta a ƙasa.

Haka muka yi watanni. Ranar Lahadi ta fita, sauran kwana shida tana garejin Shef, inda ta fi sakin jiki. Shef bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Abin da yake yi ya fi haka ciwo. Duk lokacin da akori-kurar nan ta wuce ta gaban garejin, shaƙe da buhunan masara daga Ngong, sai ya dakata da aiki, ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya koma cikin bonet ɗina.

Sai aka karya darajar sefa. Muka kwana da kuɗi muka tashi da rabinsu. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka, kayan gyaran mota kuwa har suka fi ninki, in ma an same su. Wata safiya Shef ya zo gidana da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Metir, motarka ta yi daraja."

Na ce ya bar zolaya da sassafe.

"Da gaske. In dai ka yarda ta daina zama mota."

Famiyal irin tawa sun cika hanyoyin Arewa, kuma kowacce na neman wani abu da tawa ke da shi. Wani direban hanyar Kaélé ya sayi giyabos. Gilashin gaba ya tafi Pitowa, ya kuwa isa a kan lokaci. Ƙofofi huɗu, mutum huɗu. Fitilu, sitiyari, lagireto, kujeru, kowanne da mai nemansa, har ana rige-rige. Injin da ruwa ke shiga mansa ma an saya, don a ciro abin da ke da rai a cikinsa. A cikin wata biyu abin da na karɓa ya haura abin da na biya a gwanjo.

Kawu ya zagaya kasuwa yana ba da labari. "Na gaya masa tun ranar, ƙarfe ne. Yaran yanzu sai an matsa musu." Ban tsaya yi masa bayanin cewa lambar ce ta ƙaru, kuɗin kuwa rabin na da ne ba. Matata ce ta fahimci wannan ba tare da karatu ba, ranar da muka je sayen firji muka tarar shi ma ya ji labarin karyewar sefa. Muka dawo da wani ƙarami, tsoho, mai gurnani. Fili da babur kuwa ba a sake maganarsu ba.

Gangar jikin ce ta rage a bayan garejin, kaji na kwana a ciki. Daga ƙarshe wani maƙeri mai yin murhun gawayi da kaskon suya ya zo dubawa. Ya zagaya ta, ya danna rufin da babban yatsa, ya taɓe baki.

"Ƙarfen ba kauri. Murhu ashirin in an yi sa'a."

Ban san lokacin da raina ya ɓaci ba. Na ce masa motar shugaba ce, ya san irin mutanen da suka zauna a cikinta? Na ce ya je ya nemo irinta a duk Garwa. Shef yana gefe yana goge hannu da tsumma, yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Maƙerin ya bari na gama, ya ƙara mini sefa ɗari biyar don in huce, na karɓa.

Da kurfi da guduma suka sare ta gida shida, suka ɗora a amalanke biyu. Kafin azahar an share wurin, Shef ya turo wata motar ya ajiye. Na yi masa sallama na kama hanyar makaranta a ƙasa, don ina da darasin lissafi da 'yan aji biyar.