Farar da Na Soya

Ƙanina malamin makaranta ne a unguwar Malam Inna, ga gemu ga iyali, amma abin da ya sa a gaba shi ne kiwon ƙwari. Mutane suna kiwon tumaki, shi kuwa ya cika ɗaki guda da kwalaben kunamu da buzuzu. Har bakin hamada ya je ya kwaso wata fara, ya zuba mata yashi a akwatin gilashi, yana ba ta latas, wai jira yake ta yi ƙwai.

Ranar da na kai musu ziyara ba ya gida. Na ga fara ɓul-ɓul, na ɗauka ta ci ce, na fige ta na soya. Matarsa ce ma ta miƙo mini yaji.

Da ya dawo sai ya tsaya a kan akwatin kamar an yi masa rasuwa. Ya ce, "Yaya, wata takwas ina rainonta."

Na ce, "Ai mun ji a bakinmu."

Har yau ban ba shi haƙuri ba. Tun da ya fara wannan shirme, ranar ce kaɗai iyalinsa suka ga amfaninsa.