Geron da Na Shuka a Watan Tuba

Ranar wata Talata ce a farkon Nuwamba, shekarar da na cika goma, ruwa ya sauko mana a gonar. Ni da ƙanwata Kulu muna ƙarƙashin itatuwan zaitun, muna tsince 'ya'yan da suka faɗo kan buhunan da Inna ta shimfiɗa, sai iska ta taso daga wajen teku, sama ta yi baƙi ƙirin. Kafin mu kai kwandunan ɗaki ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya ruga, ban da Baba. Ya tsaya a tsakiyar fili da hularsa a hannu, ruwa na bin gemunsa, yana shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban taɓa ganin duka haƙoransa a waje ba sai ranar. Ya ɗaga murya ya ce wa Inna, "Ke Hajara, fito ki gani! Damina ta zo!"

Baba manomi ne ɗan manoma, daga wani ƙauye a arewacin Daura. Ya fito da niyyar zuwa hajji ta ƙasa, ya bi ta Sudan, a can ya auri Inna, daga baya hanya ta karkato da shi har Alƙahira. Shekara goma sha biyar ya yi yana gadin ƙofar wani bene a Giza, kuma a ɗakin da ke ƙarƙashin matakalar benen aka haife mu. A Alƙahira ruwan sama baƙo ne, in ya zo ma yayyafi ne da ba ya jiƙa riga, saboda haka duk shekarun nan Baba bai san yadda ƙasar nan take noma ba. Da mai benen ya ce yana neman wanda zai riƙe masa 'yar gonarsa yamma da Iskandariyya, kusa da teku, Baba bai bari ya ƙarasa magana ba. Gonar ba ta da girma. Zaitun arba'in da 'yan kai, layi biyu na ɓauren Masar, wani fili na sha'ir, ɗaki biyu na farin dutse, rijiyar da ke tara ruwan sama, jaki, awaki uku, da ɗakin tattabaru. Amma ga mutumin da ya shekara goma sha biyar yana kallon ƙofar ƙarfe, wannan duniya ce guda.

A cikin kayan da muka taho da su akwai wani gwangwanin shayi da ba a yarda mu taɓa ba. Gero ne a ciki, bai fi cikin tafi huɗu ba. Baffa Ilu, ƙanin Baba, shi ya aiko da shi ta hannun wani maniyyaci. Baba ya ce irin gidanmu ne, tun zamanin kakansa ake ware zangarniyar da ta fi kyau a rataye ta a rumbu don shekara mai zuwa. Bayan saƙon da 'yan watanni labari ya zo cewa Baffa ya rasu, fari kuma ya watsa mutanen gidan. Abin da ke cikin gwangwanin nan shi ne abin da ya rage.

Washegarin ruwan, tun rana ba ta yi sama ba, Baba ya fito da sungumin da ya haɗa da reshen zaitun da guntun ƙarfe. Yana gaba yana saran ramuka, ina biye ina jefa ƙwaya uku huɗu ina rufewa da diddige, kamar yadda ya nuna mini. Muna cikin haka maƙwabcinmu Ammu Salim ya iso a kan jakinsa. Dattijo ne ɗan wajen, mai son tsokana. Ya sauko ya ɗebi 'yan ƙwayoyi daga hannuna, ya murza, ya fashe da dariya.

"Ya Hajj, wannan ai ɗan zafi ne irinka. Za ka fitar da shi cikin sanyin nan ba ko riga?"

Baba ya ce, "A garinmu in ruwan shuka ya sauka ba a zuwa tambayar maƙwabci."

"A garinku ke nan. Nan ruwa da sanyi gida ɗaya suka fito. Zuba sha'ir ka huta, shi wannan ka bar shi sai watan Bashans, in zafi ya shigo, ka ba shi ruwan rijiya."

Baba ya ce ya ji, ya ci gaba da sara. Amma na lura bayan Ammu Salim ya tafi ya tsaya a rabin filin, ya rufe gwangwanin da sauran rabin irin, ya mayar da shi cikin alkukin bango.

Daga nan lokacin sanyi ya shigo da ayyukansa, waɗanda duk baƙi ne a wurinmu. Muka gama tsinkar zaitun, aka ɗora wa jaki aka kai matsa, aka dawo da mai kore mai ɗan yaji a maƙogwaro. Inna ta koyi fasa ɗanyun da dutse ta jiƙa su da gishiri da lemun tsami a cikin tuluna. Aka watsa sha'ir, aka shuka waken ful a gefen gida. Kowace safiya aikina ne in yanko wa awaki ciyawa, raɓa na cin yatsuna har suka tsattsage, Inna tana shafa mini man zaitun tana faɗa. In hadari ya taso daga teku, wanda mutanen wajen suke kira nawwa, sai mu ruga ni da Baba mu share kwatar da ke kai ruwa rijiya, domin ruwan da aka rasa a ranar ba a samun sa sai baɗi. Ɓauren suka zubar da ganye suka tsaya tsirara kamar matattu. Kulu ta yi ta kuka don ta ɗauka sun mutu, sai da Ammu Salim ya kankare ɓawon ɗaya ya nuna mata kore a ciki. Shi ya koya wa Baba sassabe rassansu, mu kuma muka riƙa tara itacen muna hura wuta. Kwana uku, huɗu, ruwa na iya kulle mu a ɗaki. Mu sha miyar adas, wani ƙanƙanin wake, da gurasa mai zafi, mu tona ramukan dara a ƙasa mu yi wasa da ƙwallon zaitun. Sau ɗaya Inna ta gwada yin fura da sha'ir. Baba ya kurɓa, ya ajiye ludayin a hankali, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Hajara, amma ki bari geronmu ya nuna."

A irin waɗannan ranaku ne Baba yakan ɗauko allo bayan sallar asuba, ya zauna kusa da wuta ya kira ni. Ba a sa ni makaranta ba don ba mu da takardu, saboda haka shi ne malamina. Ni kuwa ba abin da na tsana kamar zaman nan. Da ya juya ya gyara itace sai in sulale zuwa ɗakin tattabaru. Yakan biyo ni da murya, "Kai Habu, tattabarun nan ba za su karanta maka wasiƙa ba!" Bai taɓa duka na a kan haka ba. Har sanyi ya yi nisa ban wuce 'yan baƙaƙe biyar ba.

Geron ya fito, amma siriri, kamar ba da son ransa ba. Baba ya kewaye shi da shingen kara don iskar teku, ya baza masa tattaka, kullum da shi yake fara gaisawa kafin kowa. Ganyen ya yi rawaya, daga baya ya koma ja-ja, bai wuce tsawon yatsa ba. Da watan Tuba ya kama, wanda shi ne tsakiyar sanyi a lissafin manoman Masar, aka yi ƙanƙara wata rana da hantsi, ta kwantar da komai. Na ga Baba ya tsuguna a bakin filin ya daɗe bai tashi ba. Kwana da kwanaki yana cin abinci kamar an tilasta masa.

A nan ne na yi abin da na yi. Na sha jin Baba yana cewa a gida in shuka ta mutu ba a barin gurbi, komawa ake a sake jefa iri tun ƙasa na da laima. Ga ƙasa jiƙe sharkaf, ga sauran iri a bango. Ranar kasuwa, da Baba da Inna suka tafi da ƙwai da mai, na taka tulu na sauko da gwangwanin. A saman geron akwai 'yar takarda a ninke da rubutun Baba. Na buɗe, na juya ta, na gane alif ɗaya da harafin ba guda biyu, na cusa ta a aljihu. Na ɗauki sungumi, Kulu na biye tana jefawa tana rufewa, har muka juye gwangwanin tas. Na cika shi da sha'ir don kada a ji ya yi sakayau, na mayar. Na sa Kulu ta rantse ba za ta faɗa ba. A raina ina ganin ranar da Baba zai fito ya tarar da filin ya yi kore, ya sake yin dariyar nan ta ranar Talata.

Sati guda aka yi ana ruwa. Da aka ɗauke, tattabaruna suka sauka a filin suna tono. Na kore su, na sa yatsa a rami ɗaya, na biyu, na goma. Ƙwayoyin sun kumbura sun ruɓe, suna tsami.

Wata huɗu na yi ɗauke da abin a cikina. Sanyi ya fara sauƙi, sha'ir ya rufe fili, ful ya yi fure, awaki biyu suka haihu, ɓauren suka fitar da sabon ganye, har Baba ya dawo da cin abincinsa. Ni kaɗai ne ban ji daɗin komai ba. Kulu kuwa ta sami abin yi. Duk lokacin da aka raba busasshen ɓaure sai ta kalli alkukin bango ta kalle ni ta ce, "Yaya Habu, kai ka ƙoshi ko?" In miƙa mata nawa.

Da Bashans ya kama, bayan an yanke sha'ir, Baba ya gyara ɗan fili kusa da rijiya, ya zuba masa takin tattabaru. Ya aika aka kira Ammu Salim don ya zo ya ga an bi maganarsa. Ya kira ni, ya sauko da gwangwanin, ya buɗe. Ya daɗe yana kallon abin da ke ciki. Ban jira tambaya ba, na faɗi komai ina kuka. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Takardar da ke sama fa, ka karanta?"

Na ce, "Ban iya ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Haka ne. Ba ka iya ba."

Ammu Salim ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ma'alish, ya Hajj, yi haƙuri." Baba ya je ya watsa wa tattabaru sha'ir ɗin, ya jingine sungumin a bayan ɗaki. Bai dake ni ba, bai zage ni ba. Bai ƙara ambaton gero ba har ya bar duniya. Bai kuma ƙara kira na gaban allo ba, ni ma kunya ta hana ni zuwa da kaina. Shekara huɗu muka ƙara a wurin, sannan aka sayar da gonar ga masu gina gidajen shan iska, muka dawo ƙarƙashin matakala.

Yanzu ina zaune a unguwar Faisal da ke Giza, ina sana'ar guga, gemuna ya fi na Baba fari. Takardar tana wurina duk shekarun nan. Da na so da tuni wani ya karanta mini, amma ina tsoron abin da zan ji daga bakin baƙo. Shekara biyu da suka wuce wani ɗalibi ɗan Zariya, Malam Nasiru, ya kama ɗaki a benenmu. Shi ya yi haƙuri da taurin kaina, kullum bayan la'asar, ajami da boko, har na kai inda nake. A sanyin bara, wata rana da aka yi yayyafi a Faisal, na rufe shago na fito da takardar. Na fi sa'a guda ina haɗa baƙaƙen ni kaɗai. Ga abin da Baba ya rubuta: "Wannan rabon Habu ne. In zafi ya shigo shi zai riƙe sungumi, ni in bi shi ina rufewa."

Ana samun gero a shagunan 'yan Sudan na unguwar Arba wa Nus. Na sayo, na jira Bashans, na shuka a tsofaffin bokitai a saman bene, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya. Ya fito, ya yi zangarniya, 'yata tana korar masa tsuntsaye tana yi mini dariya. Gero ne mai kyau, amma ba na gidanmu ba ne, kuma babu mai bi na yana rufewa. In iska ta kaɗa shi nakan tuna ɗakin farin dutse, da hayaƙin itacen ɓaure, da allon da ke jingine kusa da wuta yana jira na. Takardar Baba layi biyu ce kawai, amma shekara arba'in na yi kafin in kai ƙarshensu.