Muryar da Ka Ara wa Mai Ƙofa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana, mai karanta littattafai a gidan rediyo.

Yaya, masu zuwa gaisuwa ba sa kiran sunanka. "Ashe Mai Ƙofa ya rasu," suke cewa. Sunan ya bi ka tun da ka karanta littafin nan na zamanin da, inda mai tsaron ƙofar gari ke ba da labari da bakinsa: yadda mayaƙa suka kewaye su, yunwa ta kama 'ya'yansa, ya zare sakata ya buɗe musu. Ka karanta shi kamar kai abin ya faru da shi.

Jama'a suka rabu biyu. Mai askinka ya daina karɓar kuɗinka, wai duk uba haka zai yi. Telan bakin layi kuwa ya bar amsa maka sallama. Inna ta ce, "Ɗan nan, ka daina cewa 'ni' da bakin maci amana." Ka yi dariya ka ce, "Inna, shi ya ari bakina ya ci albasa, ni aka bari da wari." Ni dai ban taɓa yanke wa mai tsaron ƙofar hukunci ba. Ina tsoron yin shaida ko a kan wanda ba a halitta ba.

Abin da na sani shi zan faɗa. Kai ka riƙa kai ni makarantar allo a kafaɗa lokacin da ƙafata ta karye. Da telan ya kwanta jinya, kai ka kai shi asibiti, yana kau da kai kana gyara masa matashi.

Matarka ta roƙe ni in samo mata muryarka. Na je wurin aikinku, aka buɗe mini kabad, na saurari duk abin da ya rage. Babu inda kake magana a matsayin kanka, ko gaisuwa an yanke. Na kai mata kaset ɗin littafin nan. Ta kunna, muryarka ta ce, "Ni na buɗe musu." Ta kashe, can ta sake kunnawa, don ba ta da wata.

Allah Ya san wanda ya yi magana da wanda aka ari bakinsa. Ya jiƙan ka, Yaya, Ya haskaka kabarinka. Ya ba Inna da matarka da 'ya'yanka haƙurin da ni ma har yanzu nake nema.