Gefen Hoton da Aka Yanke

Har yau ban sami amsa ba: in Malam, mijina, yana so a gan ni, don me ya sa aka yanke ni daga hoton? In kuwa ba ya so, don me ya hana a goge ni?

Ni ce Dije, mai shara a ofishin malaman gona na Illela. Ban iya riƙe biro ba. Faɗa nake yi, Rabi mai kula da kwamfutar ofis tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta rage ko kalma ɗaya, har inda ya taɓa ta.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, shi ne babban malamin gona a nan. Ranar da ba ta fita raina wata Laraba ce, lokacin cirar albasa, saura kaɗan ya yi ritaya. Hedikwata a Sakkwato ta kira shi ya gabatar da rahotonsa na ƙarshe. Ga waɗanda ba su sani ba, yanzu ba takarda ake karantawa ba. Hotuna da ɗan rubutu ake jerawa shafi-shafi a kwamfuta, a haska su a bango da majigi, mutum ya tsaya yana bayani. Ƙa'idarsu ita ce a tura fayil ɗin ta imel kafin a tashi aiki. Wanda bai tura ba, babu sunansa cikin masu magana.

Tun hantsi fayil ya ƙi tafiya. Kun san halin bakin iyaka, da ya fara motsi sai sabis ɗin Nijar ya fizge wayar, a koma farko.

Rabi ta ce, "Baba, ya yi nauyi."

Ya ce, "Nauyin mi? Ni ban ga teburin ya lanƙwashe ba."

Ta yi dariya, ta ce hotunan ne. Waya tana ɗaukar hoto da girman da za a iya buga shi kamar tabarma, majigi kuwa ba ya bukatar haka. Sai an rage girman kowane ɗaya, a yanke gefen da ba shi da amfani, sannan a matse shi. "Kamar gabu ne, Baba," in ji ta. "A hidda ruwan, ɗanɗanon na nan."

Gabu shi ne ganyen albasa da ake dakawa a busar. Ni na koya mata shi, ga shi ta ɗauka tana burge mijina da shi.

Ya jawo kujera kusa da ita. Sai su duƙa ga allo tare, su yi dariya tare, suna kiran kalmomin da ban san ko ɗaya ba. Shekaru masu yawa ina kai masa ruwan alwala, ban taɓa zama kusa da shi a ofis haka ba. Wuri ɗaya na share sau uku.

Sai aka zo kan hoton matan Kalmalo. Can aka haife ni, shi ya sa Malam ya tafi da ni na nuna musu shanya gabu a kan gadon kara, don kada ƙasa ta shiga. Kwana huɗu na yi cikin rana. Ranar hoto Rabi ta zo, aka miƙa mata faifai ta tsaya a tsakiya da farin mayafinta. Ni ina can gefe, hannuna duk kore.

Da kunnena na ji Malam ya ce, "Yanke wanga gefe. Matso da shi. Ƙara."

Na ga wani baƙin layi ya taho ya ci kafaɗata, ya ci fuskata. Hannuna ya rage, ya ce ta ƙara kaɗan. Na jingine tsintsiya na tafi gida.

Da la'asar ya dawo da murna, wai fayil ya tafi. Na aje masa tuwo na juya. Ya ce, "Dije, mi anka yi?" Na ce ya tambayi mai kwamfuta. Da ya dawo daga Sakkwato ya ce manya sun yaba da gabuna. Na ce, "Gabun Rabi dai." Ya buɗe baki zai yi magana, na fita tsakar gida.

Bai yi wata biyu da ritaya ba ciwo ya kwantar da shi. Na yi jinya, na juya shi, na ba shi kunu a baki, amma hira ban ba shi ba. Rubuta wannan, Rabi. Kwana ashirin yana bina da ido, ni kuma ina riƙe da hoto a zuciya. Ranar da zai cika ya faɗa mini wata magana, na ɗauka zafin ciwo ne, kuma da na ji sunan wannan yarinya a ciki sai na toshe kunnena.

Bayan takaba na koma shara. Kusan shekara ina zagaye teburinta, gaisuwa kawai. Ran nan kowa ya fita, na tsaya a kanta na ce ta buɗe mini hoton Kalmalo.

Ta buɗe. Ta kama gefensa ta ja, sai ga ni na fito, da korayen hannuwa da tsohon zanena.

Na ce, "Daga ina kika samo ni?"

Ta ce, "Inna, ba ki je ko'ina ba. In an yanke hoto a cikin fayil, ɓoyewa kawai yake yi, nauyinsa na nan. Sai an danna gogewa yake fita. Rannan na goge na sauran duka, da na zo kan wanga Baba ya ce kul. Na ce har yanzu da sauran nauyi, ba zai tafi ba. Ya ce a cire wasu."

Hotuna uku suka cire. Har da wanda darakta ke miƙa masa takardar yabo, hoton da ya fi so a duniya.

Na tambaye ta dalilinsa. Ta ce ita ma ta tambaya, ya ce ta yi aikinta. Masinjanmu ya ce kishi ne, ba zai haska matarsa a bango maza su kalla ba. Ni kuma wani lokaci tsohon zanen nan nake tuhuma, ko kunyarsa ya ji. Kishin Rabi bai sake ni ba. Ya sauya kama ne kawai: ita ta ga abin da ya yi, ni na fita.

Ku da kuka zo bayanmu, ku rage girman hoto, ku matse shi, aiki ne mai kyau. Amma kafin ku ja layin nan ku duba wa ke tsaye a gefe, domin sau da yawa shi ya yi aikin. Wanda aka yanke kuma ya tsaya ya tambaya tun mai amsar yana numfashi.

Abin da Malam ya ce mini ranar da zai cika, yana riƙe da bakin zanena, shi ne: "Dije, ban bari an goge ki ba. Ki ce ma Rabi ta ja miki gefen hoton."